Fashin baƙi akan man sidawud: suna ɗaya, itatuwa barkatai, wasu ma guba ne

Kwanakin baya ƙanwata mai haɗa humra da turaren wuta ta turo min hoton wata 'yar kwalba, irin masu duhun gilashin nan na mil 10, an rubuta Cedarwood a jiki da zanen bishiya mai tsini a sama. Tace Yaya wai ance wannan man yana sa barci, yana tsiro da gashi, yana korar sauro, har wata kwastoma tace mata ana ɗiga shi a ruwan shayi, da gaske ne? Nace juya kwalbar ki ɗauko min bayanta tukuna. Ta juya, babu komai a wajen sai alƙawarin cewa tsantsa ne ɗari bisa ɗari. Toh anan gizo yake saƙar, domin kalmar sidawud, wato Cedarwood ɗin nan mai ma'anar katakon itacen sida, ita kaɗai bata gaya maka abinda yake cikin kwalba, kamar mutum ne ya miƙo maka galan yace "mai ne", kai kuma baka sani ba na gyaɗa ne ko na inji.

Bari mu fara da itacen. Duk bishiyoyin da ake tatsar man sidawud daga gare su 'yan gida ɗaya ne ta wani fannin, ganyensu siri-siri kamar allura ko kamar ɓawon kifi, basa kaɗe ganye rani da hunturu, kuma maimakon fure da 'ya'ya irin na mangwaro sai wasu su fitar da wani kwanso mai ɓawo-ɓawo kamar busasshiyar abarba, wasu kuma 'yan ƙananan ƙwallaye. Ba itatuwan yankinmu bane, sun fi son duwatsu da sanyi. Sida na asali shine wanda Larabawa suke cema arz, shine a tsakiyar tutar Labanan, kuma ɗan uwansa na kusa yana nan a nahiyarmu, a duwatsun Atlas na Maroko da Aljeriya, musamman dajin da yake wajajen Ifran da Azru inda birai suke yawo a dusar ƙanƙara. Sunansa na ilimi Cedrus atlantica. Akwai na uku a duwatsun Himalaya, Cedrus deodara, wanda Indiya take tatsar mai daga gare shi. Waɗannan sune 'ya'yan gida. Sauran duk aron suna suka yi.

Yadda aron ya faru kuwa, Turawan da suka je Amurka duk itacen da suka sara suka ji yana ƙamshi sai su ce masa sida. Shi yasa man sidawud na Bajiniya, wata jiha a Amurka, wanda yana cikin waɗanda suka fi yawa a kasuwar duniya, daga Juniperus virginiana yake fitowa, ba sida bane sam, wani dangi ne daban. Shine jan katakon da ada ake yin fensir da shi, in ka taɓa feƙe tsohon fensir kaji wani ƙamshin katako mai daɗi toh kusan shi kenan ƙamshin, kuma da shi suke yin adakar ajiye kaya saboda asu baya son warinsa. Na Tekzas, ita ma jiha a Amurka, daga Juniperus ashei. Na ƙasar Sin daga Cupressus funebris. Sai kuma wanda nake so kowa ya riƙe sunansa, man ganyen sida, wanda ake samu daga Thuja occidentalis ta gabashin Kanada da arewa maso gabashin Amurka. Zan dawo kansa.

Yadda ake fitar da man ba wani sirri bane. Ana tara ɓarɓashin katako da garin da ya zuba a wajen yankan katako, a zuba a babbar tukunyar ƙarfe, a tura tururi ta ciki, tururin ya kwaso sinadaran ƙamshi ya bi ta bututu mai sanyi ya koma ruwa, man ya taso a sama a kwashe. Buhu-buhun katako ne yake bada ɗan abinda bai taka kara ya karya ba, kaga kenan ɗigo ɗaya ba ƙaramin abu bane, kuma shi yasa maganar "ai daga itace ne, na Allah ne, ba zai yi komai ba" bata da kai. Zaƙami ma ai tsiro ne.

Yanzu maganar amfani. Ita dai sana'ar magani da ƙamshi wani masanin sinadarai Bafaranshe, René-Maurice Gattefossé, ya raɗa mata sunan da take yawo da shi yanzu, wato aromatherapy, a 1937, amma mu da muka tashi muka ga iyayenmu mata suna turara ɗaki da yamma ba sai an mana dogon turanci ba akan cewa ƙamshi yana taɓa zuciya. Hanci yana da hanya ta kai tsaye zuwa sassan ƙwaƙwalwa masu kula da tsoro da natsuwa da tuna baya, shi yasa ƙamshin turaren kakarka zai iya mayar da kai shekara ashirin baya cikin daƙiƙa ɗaya. Wannan ɓangaren gaskiya ne ba tantama.

Batun barci, yawancin abinda masu talla suke dogara da shi ya fito ne daga Japan, inda a 2003 aka buga wani bincike da aka shaƙa wa mutane wani sinadari mai suna sidirol, aka ga bugun zuciya da hawan jini da saurin numfashi sun ɗan sauka. Mutanen da aka gwada ba su da yawa, kuma saukar ta ɗan lokaci ce, ba wai an warkar da mai hawan jini bane ko wanda ya shekara baya barci. Sannan ga inda abin yake da ban dariya, shi sidirol ɗin yafi yawa a na Bajiniya da na Tekzas, har in sanyi yayi zaka ga ya daskare kamar ƙanƙarar gishiri a gindin kwalba, amma na Atlas kusan bashi da shi, nasa sinadaran daban ne, himakalin da atlanton. Toh mai sayarwa sai ya ɗauko sakamakon wannan itacen ya manna a kwalbar wancan.

Haka na gashi, sai dai shi a juye. A 1998 likitocin fata a Abadin ta Sikotland sun gwada mutum 86 masu wata cutar zubewar gashi da take cin kai tabo-tabo kamar an aske da kwabo, wadda garkuwar jikin mutum ce take afka wa tushen gashinsa. Aka raba su biyu, rabi suna shafa man dako zalla, wato man da ake tsinka mayukan ƙamshi a cikinsa, rabi kuma an ɗiga musu mayukan ƙamshi guda huɗu a ciki, tayim da rozmeri da labanda da sida na Atlas, kullum suna murza fatar kai har wata 7. A ƙarshe kashi 44 cikin ɗari na masu haɗin sun samu sauƙi, a ɗaya ɓangaren kashi 15. Sakamako ne mai kyau wallahi, ban raina shi ba. Amma ku duba, mai huɗu aka haɗa, babu yadda za'a ce sidan ne yayi aikin shi kaɗai, sidan ma ɗigo 2 ne kacal a cikin mil 23 na man dako, kuma cutar da aka gwada daban take da sanƙo na gado, daban take da ƙora, daban take da cinyewar gaban goshi da matsattsen kitso yake jawo wa mata. Ita wannan cutar ma sau da yawa gashin yana dawowa da kansa. Hajiyar da gaban kanta ya tafi saboda ƙananan kitso da jan gashi, abinda zai taimake ta shine ta sassauta kitson.

Na sauro shine yafi bani mamaki lokacin da na fara karantawa. Gaskiya ne katakon yana korar asu da wasu ƙwari daga tufafi, kuma a Amurka hukumar kula da muhalli ta saka man sida a jerin magungunan ƙwari masu ƙarancin haɗari waɗanda ba sai anyi musu rajista ba, wanda ma'anarsa shine ba'a tilasta wa kamfani ya kawo mata hujjar cewa yana aiki kafin ya sayar. Sai gashi a 2015 masu bincike a yammacin Kenya, gefen tafkin Biktoriya, sun gano cewa sidirol ɗin nan dai yana jawo macen sauron maleriya mai ɗauke da ƙwai, tafi son ta zuba ƙwanta a ruwan da yake da ƙamshinsa, har suna tunanin amfani da shi a tarko. Wannan ba yana nufin in ka shafa sauro zai taru a kanka bane, neman wajen ƙwai daban neman jini daban, amma dai ya isa ya sa mutum yayi hankali da cewa ya daina kwana a gidan sauro saboda ya kunna difiyuza, wato 'yar na'urar da take feso ƙamshin mai a ɗaki. A garin da maleriya take kwantar da yara duk damina wannan ba wajen gwaji bane.

Wani ɗan tsokaci a gefe tunda an ambaci maleriya, shekaru da dama man sida ne masu aikin lab suke ɗigawa akan gilashin jini kafin su leƙa ta madubin ganin ƙwayoyin cuta, saboda haske yana ratsa shi kusan yadda yake ratsa gilashi. Yanzu an koma na haɗi. Kuma ƙamshin Dettol ɗin nan da kowa ya sani, akwai man itacen fayin a ciki, ɗan uwan su sida ne. Wato dangin nan sun daɗe a gidajenmu bamu sani ba.

Toh mu dawo kan Thuja, man ganyen sida. Shi daga ganye da ƙananan rassa ake tatsarsa ba daga katako ba, kuma mafi yawan abinda yake cikinsa wani sinadari ne tuyon. A ƙwaƙwalwa akwai wani tsari da yake aiki kamar birki, yana hana jijiyoyi yin wuta barkatai, tuyon toshe wannan birkin yake yi, in yayi yawa sai jijjiga, irin ta farfaɗiya. Mai farfaɗiya, mai ciki, ƙaramin yaro, duk su nisance shi. Za'a iya cewa ai akwai shi a jerin kayan da ake haɗa Vicks VapoRub, eh akwai, amma ɗan mitsitsi ne a cikin man shafawa da aka auna a masana'anta, ba tsantsarsa a kwalba mai buɗaɗɗen baki ba. Matsalar shine a rubuce bambancinsa da sidawud kalma ɗaya ce, wancan katako wannan ganye, wanda baya lura zai ɗauka duk kanwar ja ce.

Akwai kuma wasu 'yan uwa biyu da suka ɓata wa dangin suna. Na farko sabin, Juniperus sabina, wanda a Turai ta da mata suke sha don zubar da ciki, da yawa kuma ransu ya tafi tare da cikin saboda yana lalata ƙoda da hanta, ƙungiyar masu haɗa turare ta duniya IFRA ta haramta saka shi a turare gaba ɗaya. Daga shi da Thuja ne tsoron nan ya samo asali na cewa sida yana sa ɓari. Na Atlas da na Bajiniya ba'a same su da wannan laifin ƙarara ba, amma ni dai in 'yar uwata ce mai ciki, musamman watanni ukun farko, zan ce ta haƙura da shafawa, tunda yawancin kwalaben da suke yawo a kasuwa ba'a san ko wane itace bane a ciki.

Na biyun shine man kad, daga Juniperus oxycedrus, shi ba da tururi ake yinsa ba, ƙona itacen ake yi a rufe har ya tsatso wani baƙin ruwa mai kauri mai warin hayaƙi. A Maroko qaɗiran suke ce masa, kalmar da ta zo a Suratu Ibrahim aya ta 50, makiyaya suna shafa wa raƙuma da awaki don ƙazwa, har a bakin kofin ƙasa na shan ruwa suna zizara shi. Likitocin ƙasar sun sha rubuta rahoton jarirai da aka kawo asibiti a galabaice bayan an shafa musu shi a ka ko a jiki da sunan magani ko kariya, wasu da jijjiga wasu ƙoda ta tsaya, wasu basu tashi ba. Fatar jariri siririya ce, abinda aka shafa yana shiga jini da sauri fiye da yadda ake zato. Na kawo wannan ne saboda kayan maganin gargajiya na ƙasashen Larabawa suna shigowa shagunanmu sosai, kuma duk abinda aka ga rubutun Larabci a jiki wasu sai su sake jiki da shi.

In kuma an dace an samu na gaskiya, an ga Cedrus atlantica ko Juniperus virginiana a rubuce, an ga cewa daga katako ne kuma da tururi aka tatsa, toh yana cikin mayukan ƙamshi masu sauƙin kai. Duk da haka ba'a shafa shi tsantsa. Lissafin da masu sana'ar suke bi ga babba lafiyayye shine kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari, wato ɗigo ɗaya ko biyu a cikin ƙaramin cokalin shayi na man kwakwa ko zaitun ko riɗi ko narkakken man kaɗe, a fuska ma ƙasa da haka. A fara gwadawa a cikin hannu wajen gwiwar hannu a bari ya kwana a ga ko zai yi ja ko ƙaiƙayi. Kuma dan Allah a daina ɗiga shi kai tsaye a bokitin wanka, mai baya narkewa a ruwa, yawo zai yi a sama sai ya manne a inda fata tafi laushi, wanda ya taɓa gamuwa da wannan ba sai an masa bayani ba.

Difiyuza kuma minti 30 zuwa awa ɗaya ya isa, a kashe a huta, taga a ɗan buɗe. Ba a kunna a rufe ɗaki ruf a kwana da jariri a ciki ba. Mai asma ya fara da kaɗan ko ya bari gaba ɗaya in yaji ƙirji yana matsewa. Masu kyanwa da masu kiwon tsuntsaye a cikin gida su kula, hantar kyanwa bata iya sarrafa irin waɗannan sinadarai kamar tamu, tsuntsu kuma huhunsa baya ɗaukar wasa. Ga 'yan uwa masu kasko, man nan yana kama wuta, a tsiyaya shi akan jan garwashi ba dabara bace, ƙamshin ma ƙonewa yake ya koma hayaƙi mai shaƙe wuya. A cikin haɗi yafi amfani, domin ƙamshinsa mai nauyi ne baya saurin tashi, yana riƙe sauran turaruka su daɗe, shi yasa manyan kamfanonin turare basa rabuwa da shi.

Sha kuwa babu shi a lissafi, ko a shayi ko a zuma. Abinda yafi faruwa ma ba babba ne yake sha da gangan ba, yaro ne yake samun kwalbar a kan madubi ya kurɓa. In haka ta faru kar a sa masa yatsa a maƙogwaro, kar a ɗura masa manja ko madara kamar yadda ake yi in yaro ya sha kananzir, wanda shima kuskure ne, domin in yayi amai man yana iya zarcewa huhu, can kuma ɓarnar tafi ta ciki muni. A ɗauki yaron da kwalbar a tafi asibiti ko da yana wasansa.

Wani abu da ba'a cika faɗa ba kuma ya shafe mu sosai shine zafi. Mayukan da ake samu daga ganyen fayin da sauran 'yan uwansa masu allura suna da sinadarai marasa nauyi da suke haɗuwa da iska su canza, kuma wanda ya canza ɗin shine yake sa fata ta fara ƙin abu, yau ka shafa lafiya, bayan wata shida kwalba ɗaya ta fesa maka ƙuraje, kuma in jiki ya riga ya tsani abu da wuya ya manta. Masu fenti a Turai sun daɗe da sanin wannan da tsohon tafentain, man tsinka fenti da ake samu daga itacen fayin. Man katakon sida yafi su juriya, yana iya shekaru, amma kwalbar da ta sha ranar watan Afrilu a cikin gilashin shago ko a bayan mota ba ɗaya take da wadda aka ajiye a inuwa ba. A rufe da kyau, a ajiye a wuri mai duhu da sanyi, in ƙamshin ya juya ko yayi danƙo a mayar da shi na goge durowa.

Sai maganar jabu. Yawancin abinda ake aunawa a sirinji a kasuwa turaren haɗi ne da aka tsinka da wani ruwa mara wari, kuma ba laifi bane in turare kake nema, yana iya fin na asalin daɗin ƙamshi ma, laifin shine a sayar maka da shi da sunan magani. Rubutun nan na cewa wai mai darajar magani ne, babu wata hukumar gwamnati da take bada wannan shaidar, kamfanoni ne suka ƙirƙiro abinsu. Shi kuma sidan Atlas tun 2013 yake cikin jerin itatuwan da suke fuskantar barazanar ƙarewa, fari da kiwo da sara sun ci dajin sosai, duk da cewa yawancin man daga ragowar katakon da aka riga aka yanka ake yinsa.

Ƙanwata dai ta koma wajen wanda ya sayar mata ta tambaye shi sunan itacen, yace shi dai a katan aka kawo masa daga Dubai. Yanzu kwalbar tana cikin kayan haɗin turaren tsuguno da na kaya, tace da sandal yafi tafiya, kwastomar shayin kuma ta tura mata saƙon murya mai tsawon minti huɗu.